Hassana da Usaina

Asabar ce. Ruwan Kubanni ya ja da baya taku goma,
ya bar min laka da sawun shanun asuba.
Tana nan inda na ɗaure ta:
kwalekwale biyu, an haɗa su da sanduna,
Hassana a dama, Usaina a hagu,
jigon da ke tsaye tsakaninsu kuwa Gambo.

Wani malamin lissafi ne ya bar ta
shekarar da ya tattara littattafansa ya koma ƙasarsu.
Ko takarda bai bar min ba,
sai gwangwanin madara cike da notina
da magana ɗaya: ka riƙa duba wayoyin.

To, ina dubawa.
Ba da ido ba, ido ya fara yi min gardama.
Tsumma nake naɗawa a tafi, in bi wayar a hankali,
inda sili ya tsinke, nan tsumman zai turje.
Yau ya turje.
Silin ya huda shi, ya gaisa da yatsana,
jini ya fito, bai kai ƙwayar dawa ba.
Na tsotse, na ce na gode
da ka faɗa min a tudu, ba a tsakiyar ruwa ba.

Notin gindi ya cije, shekara nawa rabonsa da juyi.
Ba a yi masa ƙarfi.
Kananzir ake ɗiga masa, a je a sha shayi,
a dawo a ƙwanƙwasa kamar mai neman aron wuta.
Gargaren da igiya ke bi ya yi kwari,
yana kuka irin na ƙyauren ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba.
Ƙusar ƙugiya fa, da na zare ta,
ta rame a tsakiya, ƙugun zanzaro,
alhali kanta na sheƙi, lafiya lau.
Na san mutane haka.

Na sa ta a aljihu sai Sabon Gari.
Obiora ya juya ta, ya sake juyawa:
Baba, ta wace mota ce?
Na ce ta jirgi ce. Ya ɗaga kai sama.
Na ce a'a, na ruwa.
Har yaron shagonsa sai da ya ajiye abinci ya yi dariya.
A Muciya Ɗantani ya fiƙe min wata
daga ƙarfen da tsatsa ba ta ci,
ya hure ta, ya miƙo da zafinta:
wannan za ka mutu ka bar ta.
Na biya, ban nemi ragi ba.

Ladiyo ce ke riƙe min sifana yanzu,
shekararta tara, giris har goshi.
Kaka, ta ce, ai ruwan ma ƙarewa yake.
Na ce riƙe da kyau, kada ya subuce.

Ɗaurin waya da kunne ake yi.
Ka ja ta Hassana, ka kaɗa, ka saurara,
ka zaga ta Usaina.
In ka fifita ɗaya ko da rabin juyi,
Gambo zai karkata, kowa ya gani daga gaɓa.
Sai da la'asar ta yi sanyi muryoyinsu suka zo ɗaya.

Iska ta taso daga wajen Bomo,
ta ɗan taɓa tamfol ɗin a naɗe, ta wuce.
Ba mu shiga ba. Akwai sauran zobe biyu.
Ladiyo ta goge tsohuwar ƙusar da gefen zanenta,
ta tambaya ko a jefa ta ruwa.
Na ce sa ta a gwangwani.
Shekara talatin tana riƙe da ni ban sani ba.